Ƙyauren da Bawa Ya Ƙona

A Birnin Ƙonni, idan ka bi layinmu da hantsi ka ji injuna biyu suna gardama, to ka iso. Mai tartsatsin wuta nawa ne, ni Illo mai walda. Ɗayan, mai shewa kamar an taka wa kyanwa wutsiya, na Bawa kafinta ne, mijin yayata Tsahara. Bango ɗaya ya raba rumfata da shagonsa, shagon nasa kuwa shi ne gaban gidansa. Ni ina yin ƙofar ƙarfe, wadda ɓarawo ke gani ya sake layi. Shi yana yin ta katako, wadda gara ke gani ta yi hamdala. Haka nake gaya masa kullum, shi kuma ya ce ƙofata ba ta fi murfin gwangwani da komai ba sai girma.

Bawa ɗan gwaggonmu ne, saboda haka taubashinmu ne, ni da Tsahara, tun kafin a ɗaura musu aure a ƙauyenmu Tsarnawa. Wasu in sun yi irin wannan aure sai su ajiye wasa su ɗauki kunya. Su biyun nan sai suka haɗa duka. Ita ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Mai katako. Shi kuma in ya ci tuwonta har ya suɗe kwano, godiyarsa ita ce, "To, ba a mutu ba." Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi a miƙe ba, kuma ban taɓa jin an kai ƙara gida ba.

Yana saurayi ya tafi ci-rani bakin teku, kamar sauran samarin ƙauyenmu. Sa'o'insa suka dawo da rediyo da agogo, shi ya dawo da hannun da ya iya zarto. Injin da ya ba shi suna sai daga baya ya same shi. Masu zuwa Sakkwato suna ce masa rauta, waɗanda suka yi lakwal, wato bokon Faransanci, su ce tupi. Ɗan abu ne, bai fi butar alwala ba, amma yana juya haƙorin ƙarfe da gudun da ido ba ya gani. Bawa ya kife shi a ƙarƙashin tebur, haƙorin ya leƙo sama, sai ya riƙa tura katako ana sassaƙa gefensa. Ƙafafun teburin ni na yi su, kuma har yau ina jiran godiya.

Gwanintarsa ƙyauren kwaba ne mai tudu. Sanda huɗu ce a kewaye, da allo a tsakiya wanda aka zaftare gefensa cikinsa ya taso. Haƙori uku ke yin aikin. Biyu tare ake sayensu, Bawa yana ce musu miji da mata: ɗaya ya yanka kwari a jikin sanda, ɗaya ya fitar da harshen da zai shiga kwarin daram. In ka haɗa mijin wani akwati da matar wani, kusurwar ƙyauren za ta yi ta yi maka gwalo har ya tsufa. Na ukun shi ne babba, mai faɗin bakin kofi, shi ke fitar da tudun, kuma ba a yi masa gaggawa. Ana rage gudun inji, a bi katakon kaɗan, a ɗaga haƙori a sake bi, har a kai inda ake so. Ka tura da sauri katako ya yage, ka tsaya wuri ɗaya ya ƙone. Wannan karatun da kan ɗan yatsansa na hagu Bawa ya saye shi.

Manyan haƙoran nan suna cikin wani akwati, kowanne da raminsa, an shafe su da mai kamar amare. Duk ya raɗa musu suna. Akwai Gangare, mai zaftara a miƙe. Akwai Cokali, mai kwarmi. Akwai Matakala, akwai Jigida mai fitar da ɗan kumburi zagaye, sai kuma ɗan lelensa, Wuyan Agwagwa, mai lanƙwasa biyu. Ba ya aiken kowa sayensu. Da kansa yake ƙetarawa Sakkwato, ya zaɓi mai kaurin gindi don kada ya yi rawa a cikin inji, ya juya boris ɗin da ke kan haƙorin a kusa da kunnensa, ya gwada kaifin a farce. Na taɓa raka shi sau ɗaya. Mai shagon har ya yi sallah ya dawo, Bawa yana sauraren boris.

Allon tsakiya kuwa ba ya sa masa gam. Katako yana ƙanƙancewa da rani, ya kumbura da damina, in ka ɗaure shi sai ya tsaga sandunan. Mata masu jere sukan girgiza ƙyaure su ji motsi, su ce kafinta bai ƙarasa aiki ba. Bawa ba ya ko ɗaga kai. Yakan ce, "Ku dawo da damina mu yi magana."

Amma abin da ya fi ba masu saye haushi shi ne, ba ya barinka ka zaɓi haƙori. Sai ya bi ka har ɗakin da za a ajiye kwabar, ya tsaya yana kallon taga kamar mai neman wata. In haske daga gefe yake shigowa, ya ce Gangare. In ɗakin da duhu, ya ce Matakala, don layinta ya fito. "Ba katako kaka saye ba," in ji shi, "inuwa kaka saye." Kuma yana da doka guda da ba ta tankwaruwa: kwaba ɗaya, haƙori ɗaya. Wani Alhaji mai fataucin albasa daga wajen Malbaza ya taɓa zuwa yana son kowane ƙyaure da nasa ado. Bawa ya dube shi ya ce, "Alhaji, in ɗiyanka kowa ya ɗauko kamannin wani maƙwabci, murna kaka yi?" Alhaji ya kaɗa riga ya faɗo rumfata, na yi masa ta ƙarfe. Ni dai na gode wa bakin Bawa.

A shekarun farko, Tsahara ce mai gogewa. In ya gama yanka sai ya miƙa ƙyamaren cikin gida, ta bi su da samfefa tsakanin daka da girki. Ta haka yatsunta suka san hannunsa fiye da yadda ta san fuskarsa. In ƙyaure ya shigo sumul, lafiya lau. In ya shigo da gargada, ta san an ɓata masa rai ya tura da fushi, sai ta kwashe yara ta rage barkono a miya. Ƙuna kuwa ba ta cika gani ba, don Bawa ba ya sakin hankalinsa a gaban inji. Ta taɓa gaya mini sau ɗaya tak ya miƙo mata allo da baƙin tabo, shekarar da Gwaggo, mahaifiyarsa, take kwance ciwon ajali. Ta goge abin da ya gogu ta mayar masa.

Da yara suka girma suka watse, sai idon Tsahara ya fara ja da baya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba da maganin ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tare saura. Ta ɓoye iyakar ɓoyewa. Ɗakinta ta san shi, tsakar gida ta san ta, murya kuwa ba wanda take kasa ganewa. Kayanta suna kan wata tsohuwar kanta da labule, don matar kafinta ba ta da kwaba, kamar yadda ƙofar gidana take ɗaure da waya.

Asiri ya tonu ranar da autarsu Fadila ta zo da mijinta Abdulwahab. Ita ungozoma ce a Illela, tamu ta Nijar ba ta ƙetaren iyaka ba, shi kuma malamin gona. Tsahara ta dama wa surukinta fura da hannunta. Sukari da gishiri kuwa duk a gwangwanin madara iri ɗaya suke. Abdulwahab yaron kirki ne, kunya ta yi masa yawa. Ya kafa kai ya shanye kwano guda na fura mai gishiri, ya yi hamdala, har ya aika a ce wa Inna an gode. Sai da Fadila ta kurɓi ragowar ta gane abin da mijinta ya haɗiye.

Mun yi dariya, har da ita Tsahara. Fadila ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ce yau gishiri ne, gobe garin sabulu, jibi kuma garwashi. Ta ce da an gama girbi za ta zo da mota ta tafi da Inna Illela, inda za ta riƙa sa mata ido. Ba wanda zai ce ba ta da gaskiya. Duk muka juya wajen Bawa.

Ya ce, "To, ɗiyarki ta. Ku tahi, kunnena ya huta."

Tsahara ta ce, "Ni ma in huta da dussar katako cikin tuwo."

Raina ya ɓaci, don na san su. Bawa bai taɓa cin tuwon wata mace ba tun da aka kai masa ita, kuma in ta je biki Tsarnawa ta kwana, sai ya wuni yana yi wa kusoshi faɗa. Washegari na leƙa shago na ce masa ya buɗe baki ya ce ta zauna mana. Ya ce, "In ce mi? Idon nata na, ɗiyar tata ta. In na riƙe ta wuta ta ƙone ta, kai za ka walda ta?" Na shiga gida na sami yayata. Ta ce, "Illo, in shina so in zamna, bakinai anka ɗinke? Ba ni zama inda na zan kaya." Na fito ina cizon yatsa. Tsofaffi biyu, kowa yana jiran ɗaya ya fara sauke girman kai, ga girbi yana matsowa.

Bayan 'yan kwanaki sai na ga Bawa ya sauko da wasu allunan jan katako da ya daɗe yana ɓoyewa a saman shago, waɗanda ko sarki ya zo ba ya sayarwa. Na tambaye shi na wa. Ya ce kwaba zai yi wa Tsahara ta tafi da ita, don kada ta ƙarasa ɗan mutane da gishiri. Kowane ƙyaure da nasa gefe, ta taɓa ta san me ke ciki.

Na ce, "Kwaba ɗaya, haƙori ɗaya hwa?"

Ya ce, "Koma ga gwangwaninka."

Sai dai aikin ya ba shi wuya ta inda bai zata ba. Duk rayuwarsa inuwa yake zaɓa, ga shi yanzu zai yi wa wadda ba ta ganin inuwa. Ya yanka gutsattsarin gwaji da kowane haƙori, ya jera su, ya yi ta kallo bai ga amsa ba. Ranar nan sai ya kira ni. Na tarar ya naɗe idanunsa da rawani, yana zaune a kan benci da hannu a buɗe kamar mai jiran sadaka. Ya ce in riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya faɗi suna. Gangare ya gane, Matakala ya gane. Da na miƙa masa Wuyan Agwagwa sai ya ce Cokali. Na sake miƙa masa, ya sake cewa Cokali. Da ya kwance rawanin ya ga ɗan lelensa ne ya kasa ganewa, sai ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. A ido sun bambanta kamar dare da rana, a yatsa kuwa 'yan gida ɗaya ne. Ya mayar da Wuyan Agwagwa raminsa, ya ɗauko Jigida, wadda a da yake cewa adon 'yan ƙauye ce. Matakala ma sai da ya kashe mata kaifin baki, don ya ji tana kartar fata.

Masu wucewa sun sha kallo. Wani ya ce ko Bawa ya koma wasan yara ne. Ana cikin haka, ƙyaure uku sun kammala an jingina su a bango kowanne da kamanninsa, sai ga Alhajin albasa ya biyo layin a kan babur. Ya tsaya, ya duba, ya sake dubawa. Allah ya kawo masa ranar da ya daɗe yana jira.

Ya ce, "Sannu da aiki, Bawa. Waɗanga ɗiyan maƙwabta na?"

Na ɗauka za a yi ta. Bawa ya haɗiye, ya ce, "Su na, Alhaji." Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya bar magana ta kwana a kansa ba sai ranar.

Saura ƙyaure ɗaya, na Cokali, Fadila ta zo. Gero ya shiga rumbu, wake ma an roro. Ta tsaya a bakin shago, Bawa ya kashe inji. Ina jinta ta bango tana cewa ta sami mota, Laraba mai zuwa, ranar kasuwa, a ɗaure wa Inna kayanta. Ya ce, "To." Ta shige cikin gida, ya tayar da inji.

Ni na san warin ƙarfe in ya ƙone, shi nake shaƙa tun ina yaro. Wanda ya bugi hancina daban ne. Kukan injin ma ya sauya, ya tsaya a murya ɗaya ba ya hawa ba ya sauka. Na zagayo da sauri. Bawa yana tsaye, hannuwansa biyu a kan allon, ya kai rabi ya tsaya cak. Haƙori yana ta juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi yana tashi, shi kuwa idonsa yana kan ƙofar cikin gida. Na zare wayar wuta. Sai a lokacin ya dubi hannunsa.

Tabon baƙi ƙirin, tsawon ɗan yatsa, kuma ya ci ciki. Sauran katakon ya ƙare, motar katako kuwa ba a san ranar zuwanta ba. Ya zauna da samfefa ya yi ta gogewa, baƙin ya ragu amma wurin ya lotsa. Ya shafa wa kwabar gaba ɗaya fenti mai duhu don ya rufe abin kunya, ya sa ƙyauren a ƙasa ta hagu, inda ba mai sunkuyawa. Ya ce in na gaya wa wani, zai gaya wa duk Ƙonni da waya nake ɗaure ƙofata. Na ce ai sun sani.

A cikin ɗakin Tsahara ya haɗa kwabar, gunduwa-gunduwa, da gam da matsi, ita kuma tana zaune a tsakar gida tana cewa an cika mata ɗaki da wari. Ina riƙe masa gefe ɗaya na lura da wani abu. Ƙofar ɗakin nan ni na yi ta, na san faɗinta kamar tafin hannuna. Na dubi kwaba, na dubi ƙofa, na dubi Bawa. Ya ce, "Riƙe da kyau, ka bar kallo."

Laraba da hantsi mota ta iso. Abdulwahab ya tsaya a shago saboda kunyar surukai, Fadila ta shiga, ni ma na bi ta. An ɗaure kaya, Tsahara ta yafa gyalenta na unguwa tana zaune a bakin gado. Aka kira masu ɗauka, suka juya kwaba a tsaye, suka juya ta a kwance, ta ƙi fita. Ba ta ko kusa.

Fadila ta ce, "Baba, kai da ka auna ƙofar rabin Ƙonni?"

Ya ce, "Tsuhwa."

Na ji daɗi a raina, na ce dabara ta ci. Ashe ban gama sanin yayata ba. Ta ce, "A bar mai abinai. Kwaba anka manne da gam, ba ni ba. Fadila, ɗauki jikkata." Bawa yana tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe baki, ya rufe. Wallahi na so in ɗauko sandar walda in buɗe masa shi. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga da gaske tafiya za ta yi, kuma na san in ta tafi, mutumin nan ba zai kai wata damina da ƙafarsa ba.

Ta miƙe ta yi taku biyu, sai ta tsaya. Ta ce, "Bari dai in ga abin da anka hana ni barcin rana saboda shi." Ta miƙa hannu ta sami ƙyauren sama. Yatsunta suka bi gefen a hankali, yadda suke bi a da.

"Gangare," ta ce. Ta matsa. "Matakala, an kashe mata baki. Wanga kuma Jigida ta? Mai katako, ashe ƙauyanci ya kama ka." Ta yi 'yar dariya. "Wai duk don gishiri? An ce maka ban san dama da hagu ba?"

Bawa ya ce ai ba laifi a taimaka wa tsoho.

Ta sunkuya, abin da bai yi zato ba. Hannunta ya sauka a kan na ƙasa. Ta bi kwarmin Cokali daga kusurwa, ta zo tsakiya, sai babban yatsanta ya faɗa cikin lotsawar nan. Ya tsaya. Ta koma baya ta sake biyowa, ya sake faɗawa. Ta kai hancinta kusa. Ana jin masu kasuwa suna wucewa da amalanke a waje.

Ta ce, "Yaushe anka yi wanga?"

Bawa ya ce, "Wuta ta yi rawa."

Ta ce, "Ba kai nika tambaya ba. Illo?"

Na dubi Bawa, ya zare mini ido. Na tuna ƙofata da waya, na ce a raina ya je ya tona, sai na faɗa. Na ce, "Ran da Fadila ta zo da zancen mota, Yaya. Ta shige gida, ya tada inji, ya tsaya."

Ta daɗe a durƙushe, yatsanta a wurin. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Rabona da in taɓa irin wanga tun shekarar Gwaggo." Fadila ba ta san zancen ba, ta dube ni, na girgiza mata kai. Bawa kuwa ya sami wani abu mai muhimmanci a jikin bango yana ta kallo.

Tsahara ta dafa kwabar ta miƙe, ta cire gyalen ta ninke shi. Ta ce, "Fadila, kwance kayan nan."

Fadila ta yi gardama, kuma ban ga laifinta ba. Ta kawo zancen wuta, ta kawo zancen magani. Uwar ta bar ta ta gama, sannan ta ce a miƙo mata gwangwanayen nan biyu. Ta ɗanɗana kowanne. Gishiri ta sa shi can sama bayan Matakala, sukari ta sunkuya ta sa shi bayan ƙyauren da ya ƙone. Ta sa aka jujjuya ta, ita kanta, a tsakar ɗaki har ta rasa gabas, sannan ta lalubo kwaba, ta buɗe inda take so ba kuskure, ta dama fura ta ce a kai wa Abdulwahab. Fadila ta tare kwanon. Ta ce shaidar mijinta ba ta karɓuwa, mutumin da ko kanwa aka ba shi zai ce an gode. Ta kurɓa da kanta, ta sake kurɓa, sai hawaye ya zubo mata. Ta shanye rabi kafin ta tuna da mai ita.

Aka yi sulhu a tsaye. Matata Sa'a za ta riƙa shigowa lokacin hura wuta. Maganin ido kuwa Bawa zai riƙa ɗiga mata safe da yamma, ya ce ya yarda, tunda hannun da ya iya saita haƙori ba zai kasa saita ido ba. Tsahara ta ce Allah ya sa kada ya tsaya a tsakiya. Mota ta koma Illela da buhun wake a inda aka tanadar wa Inna.

Da na ɗauka magana ta ƙare. Amma Bawa Bawa ne. Tabon nan ya hana shi sakat. Da motar katako ta iso, ya zaɓi allo, ya yanka sabon ƙyaure da Cokali, a hankali, bi da bi, ya fito sumul ba inda yatsa zai yi tuntuɓe. Ya ɗauki sukundireba ya ce in zo in riƙe masa. Muka shiga muka tarar da ita zaune a kan tabarma. Da ta ji ƙamshin sabon fenti sai ta ja jiki ta jingina bayanta da tsohon.

Ya ce, "Matsa in gyara. Aikin banza na, kunya shika ba ni."

Ta ce, "Mai katako, shekara arba'in nika jiran ka yi mini magana guda a miƙe. Ka samu ka yi ta, kuma ka zo da sukundireba ka ɗebe?"

Ya tsaya da ƙyaure a hammata, ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, "To, a riƙa ruhe shi da kyau, kar tururuwa ta shiga sukari." Ya juya ya fita, na bi bayansa.

Sabon ƙyauren yana nan rataye a ƙusa cikin shago, masu saye suna tayawa yana cewa ba shi da 'yan'uwa. Dokarsa ma tana nan ga kowa, kwaba ɗaya haƙori ɗaya, in ka ce ai ka ga ta gidansa sai ya ce ka je ka auri taubashiyarka tukuna. Damina biyu ta wuce a kan kwabar Tsahara, allunan sun kumbura sun saki, ba wanda ya tsage. Idonta ya ƙara ja baya, yanzu ko inuwar mutum da ƙyar take gani. Ina shiga gaishe ta da safe lokacin koko, ina kallonta in za ta ɗauko sukari. Ba ta kama mariƙi da farko. Sai ta sa babban yatsa a cikin lotsawar nan tukuna, sannan ta buɗe. Fentin wurin ya goge, baƙin ya fito fili, kuma duk jikin kwabar ba inda ya kai shi sheƙi.